Iyayen 'yan jimnastik (wasan alkafura da tsalle-tsalle) na Bauchi, wai ku ma a bakin yara kuke jin labarin kulob?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah tambaya gare ni ga masu yara a ajin gasa, ban da 'yan ajin Asabar masu koyon alkafura. Ta ina sanarwar kulob take iso muku? Don ni kam komai a bakin yara nake ji, yau su ce an ce a kawo fasfo, gobe su ce ba fasfo ba NIN ne, jibi ɗayar ta ce ai an fasa. Yanzu maganar tafiya Abuja ta taso, wannan ta ce Alhamis wannan ta ce Juma'a, alhali gaban koci ɗaya suka tsaya ya yi maganar. Babansu ya tambaye ni wa zai raka su, ina za su kwana, nawa za a biya, ko ɗaya ban da amsa, shi kuwa ya ce in dai haka ne ba inda za su.

Baban Auta: Wa alaikumus salam. Hajiya ai akwai guruf na WhatsApp da koci ya buɗe, ba kya ciki ne?

Maman 'Yan Biyu: Ina ciki Alhaji. Guruf ɗin da admin kaɗai ke iya rubutu? Abu na ƙarshe da aka saka a ciki barka da Sallah ne.

Hajiya Fadaman Mada: Ba haka ba ne, yana saka sanarwa, matsalar saƙon murya yake yi kuma sai dare ya raba. Ranar nan ƙarfe 11 saura ya turo na minti 7, ya fara da gaisuwa da nasiha a kan ladabi, ya bi ta kan masu zuwa a makare, sai can wajen ƙarshe ya ce af, tirenin na gobe ya koma 7 na safe. Ni da safe na saurara ina haɗa abin kari, kafin mu samu keke daga Fadaman Mada mu isa har sun yi nisa, aka sa yarinya tsallen kwaɗo wai ta yi latti. Laifin wa aka hukunta a nan fisabilillahi?

Malam Gwallameji: Ni wannan saƙon murya shi ne babban abin da ke ɓata min rai. Rubutu kana iya komawa ka duba ranar da aka ce, saƙon murya kuwa sai ka sake zama ka saurare shi tun daga sallama.

Baban Auta: Amma mu yi adalci, iyaye nawa ne a cikinmu ba sa karanta boko sosai? Domin su yake yin muryar.

Malam Gwallameji: To ya yi duka biyun mana Alhaji. Layi uku ne fa: rana, lokaci, kuɗi. Sai ya bi da muryar ya yi wa'azinsa son ransa.

Kakar Yara: Ni jikata nake kaiwa, uwarta tana aiki. Abin da na lura duk wanda ya cika tambaya sai a fara yi wa ɗansa wani gani-gani. Shi ya sa kowa ya yi gum a gaban koci sai an fito bakin get a tsaya ana ƙus-ƙus.

Maman 'Yan Biyu: Yawwa Mama kin taɓo wajen. Wallahi tsoron da nake ji ke nan, kar in yi magana a cire su daga jerin masu tafiya.

Hajiya Fadaman Mada: Jerin ma waye ya san yadda ake haɗa shi? Bara da aka zo maganar gasar matasa ta ƙasa da ake yi a Asaba, tun watanni ake ce wa yara ku dage za a duba ku, muka yi ta yawon gyaran NIN saboda gasar ta 'yan ƙasa da shekara 15 ce kuma ana tantance shekaru, ranar haihuwar da ke takardar haihuwa ba ta yi daidai da ta NIN ba sai da muka gyara. Daga ƙarshe a bakin ƙawarta ta ji cewa ba sunanta. Ban ce dole a ɗauke ta ba, wataƙila ba ta kai ba, amma a kira ni a ce Hajiya 'yarki ba ta shiga ba saboda kaza, ga abin da za ta gyara. Kwana ta yi tana kuka ni kuma ban san me zan ce mata ba don ni ma ban san dalili ba.

Tsohon Ɗan Wasa: Salam iyayena da yayyena. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni na yi wasan nan ina yaro, a zamanin da Bauchi ta karɓi gasar wasanni ta ƙasa a 2000 muna cikin yaran da ke yini a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa muna kallon manya, kafin nan ma an yi a nan a 1991 amma wannan labarinsa kawai na ji. Mu a lokacinmu iyaye ba sa tambayar komai, an miƙa ka ga koci shi ke nan, ya zama ubanka. Yawancin kocinmu na yanzu a haka suka taso, shi ya sa in uwa ta tambayi dalili sai su ji kamar an raina su. Ba kare su nake ba, ina faɗa muku inda abin ya samo asali ne.

Malam Gwallameji: To tunda kai ɗan gida ne ka warware min wani abu. A ƙaramar gasar da aka yi mana a nan cikin gida yarona bai faɗi ba ko sau ɗaya a wasan ƙasa, wato alkafurar da ake yi a kan daɓe, wani yaro ya dafa ƙasa da hannu ya kusa kifawa amma shi aka ba na ɗaya. Na tambayi koci ya ce "haka makin ya fito". Har yau ina ganin son kai aka yi.

Tsohon Ɗan Wasa: Malam ba lallai son kai ba ne. Tun 2006 aka daina tsarin nan na maki 10 cif da mutane suka sani, irin wanda Nadia Comaneci ta samu a Montreal a 1976 tana da shekara 14. Yanzu maki biyu ake haɗawa. Akwai na wahalar abin da yaro ya yi, kowane juyi da darajarsa, shi ba shi da iyaka. Akwai na tsaftar yadda ya yi shi, wannan daga 10 ake farawa ana ragewa, ka lanƙwasa gwiwa a cire, ƙafafu suka rabu a cire, ka ƙara taku wajen dira a cire, faɗuwa kuma maki 1 ne cur. To yaron da ya ɗauko juyi masu wuya zai iya faɗuwa a cire masa 1 ɗin kuma ya wuce wanda ya yi masu sauƙi tsaf bai faɗi ba. In ka ga takardar makin za ka ga lambobin biyu daban.

Malam Gwallameji: Ikon Allah. To wannan bayanin da ka yi a rubutu ɗaya me ya hana a tara mu a yi mana shi tun farkon shekara? Wata nawa ina riƙe da mutumin nan a raina.

Baban Auta: Ka gani ko Malam, da ka je ka same shi a natse da ya yi maka bayani.

Malam Gwallameji: Na same shi Alhaji, amsar da ya ba ni ke nan na faɗa maka.

Anti Nas: Ku yi haƙuri in shigo da nawa, don ni maganar maki da jerin suna duk masu sauƙi ne a wajena. Rauni shi ne abin tsoro. Yarinyata ta yi sati tana ɓoye min hannu, sai da na ga tana ɗaukar kofi da hagu na matsa mata ta ce wuyan hannunta ne ke ciwo, kuma koci ya sani, ya ɗaure mata da bandeji ya ce ta ci gaba kar ta zama raguwa. Ba wanda ya kira ni. Jama'a ƙashin yaro ba irin na babba ba ne, a ƙarshen ƙashin hannu dab da wuyan hannu akwai wajen da ƙashin ke tsiro, guringuntsi ne bai gama ƙwari ba, kuma wasan nan kullum a kan hannu ake tsayawa ana dira. In wajen ya fara ciwo aka ci gaba da ɗora masa nauyi yana iya rufewa kafin lokaci, ƙashi ɗaya ya tsaya ɗayan ya ci gaba da tsawo, hannun ya zo yana ba ta matsala har girma. Maganinsa a farko hutu ne kawai na wasu makonni da hoton ƙashi a ga halin da ake ciki. Haka ciwon diddige da na ƙasan gwiwa da yara masu tsalle ke yawan kuka da shi, duk wajen tsiron ƙashi ne.

Kakar Yara: Subhanallahi. Ni da jikata ta ce min hannu wajen mai ɗori na yi niyyar kai ta a ja mata.

Anti Nas: A'a Mama dan Allah kar a ja, ba targaɗe ba ne ballantana gocewa. A kai ta asibiti a yi hoto tukuna. Sannan wanda ya fi wannan, in yaro ya faɗo ta ka ko ta wuya, ko da ya tashi yana dariya, dole a gaya wa iyaye a ranar, saboda amai ko yawan barci ko ciwon kai mai ƙaruwa da dare yake fitowa a gida, lokacin koci yana gidansa. In ban san ta faɗi ba zan ɗauka maleriya ce in ba ta farasitamol ta kwanta. Katakon da 'yan mata ke tafiya a kai faɗinsa santimita 10 ne kacal, na manya tsayinsa daga ƙasa mita 1.25, faɗuwa kam dole ce a wasan nan ba wanda ya ce kar a faɗi, a gaya mana kawai.

Maman 'Yan Biyu: Anti wallahi jikina ya yi sanyi. Nawa ma ɗaya ta taɓa dawowa da ƙulu a goshi ta ce karo suka yi.

Baban Auta: Ni fa ina ganin an taru a kan bawan Allahn nan. Mutum ne da ba albashin kirki yake samu a abin nan ba, ɗan kuɗin watan da muke biya rabinmu sai an bi mu bashi, katifun da yara ke dira a kai wasu da kuɗinsa ya sa aka yi musu sabon rufi. Shi ne koci shi ne akawu shi ne mai shara. Yarona kafin ya shiga ba ya jin magana ko kaɗan, yanzu da asuba shi ke tashina. In muka matsa masa ya ce ya gaji ya rufe, ina za mu kai su? Kulob nawa ne a garin nan?

Hajiya Fadaman Mada: Alhaji ba wanda ya ce ba ya ƙoƙari. Amma "ina za mu kai su" ɗin nan ita ce ta sa kowa ya yi shiru ana cutuwa.

Anti Nas: Kuma ba a nan kaɗai ba ne. A Birtaniya sai da aka kafa bincike a kan hukumar jimnastik ɗinsu, wata lauya Anne Whyte ta fitar da rahoto a 2022, abin da aka samu ya haɗa da sa yara tirenin da rauni a jikinsu, da auna nauyinsu ana ci musu fuska a kan ƙiba har wasu suna ɓoye abinci, iyaye kuma suna tsoron yin ƙorafi kar a ajiye 'ya'yansu. A Amurka likitan tawagarsu Larry Nassar shekara da shekaru yana lalata da yara da sunan magani, a 2018 mata sama da 150 suka tsaya a kotu suka ba da labarinsu, wasu ma iyayensu suna cikin ɗakin abin ke faruwa ba su gane ba saboda an saba musu da cewa ba a tambayar masana. Ban ce ga abin da ke faruwa a nan ba, Allah ya kiyaye, ban taɓa jin wani abu makamancin haka a kan kocinmu ba. Amma daga baya dokar da suka kafa a can ita ce koci ba zai keɓe da yaro su biyu ba, kuma ba zai tura wa yaro saƙo a waya shi kaɗai ba sai da iyaye ko wani babba a ciki. Wannan kocin ma yake karewa daga zargi.

Baban Auta: Haba Anti, kawo sunan wancan mutumin cikin maganar nan ya yi nauyi gaskiya.

Anti Nas: Na faɗa ai ban haɗa su ba Alhaji. 'Ya'ya mata za a ɗauka a bi da su Jos, Akwanga, Keffi har Abuja a kwana biyu ko uku a can, tambayar wace mace ce za ta kwana da su ba zargi ba ne.

Maman 'Yan Biyu: Abin da babansu ke tambaya ke nan tun farko.

Kakar Yara: Sai maganar kaya. An ce mu kawo dubu 18 na rigar gasa ba a nuna mana ko hotonta ba. Da ta iso na ga abin kamar kayan wanka, cinya duk a waje, kakanta ya ce ba da jikarsa ba. Kuɗi kuma an ce ba a mayarwa.

Tsohon Ɗan Wasa: Mama wannan da an tambaye ku da ba a yi asara ba, don dokar wasan ta duniya ta yarda mace ta sa mai rufe ƙafa har idon sawu. 'Yan wasan Jamus sun sa irinta a gasar Turai a 2021, suka sake sawa a Olamfik na Tokyo a shekarar, ba a cire musu maki ba. Ita dai rigar tana kama jiki ne, alƙalai suna ganin gwiwa da ƙafa. In kulob ya yi oda iri ɗaya mai dogon wando ga duk 'yan matan an huta, iyaye da yawa da ke cire yara da sun kai shekara 11 ko 12 da sun bar su.

Kakar Yara: To ka ji. Allah ya yi maka albarka ɗan nan.

Admin: Jama'a mataimakin koci yana cikin guruf ɗin nan tun bara, ƙanwarsa tana ajin Asabar. Ya yi min magana ta gefe ya ce yana so ya ce wani abu. Dan Allah a saurare shi da mutunci.

Mataimakin Koci: Assalamu alaikum iyayenmu. Na karanta duka tun daga sama, ba da yawun oga nake magana ba, nawa ne. Maganar tafiya, dalilin da ba a sanar ba shi ne mu ma ba mu da tabbas, masu shirya gasar sun ɗaga ranar, motar da muke sa rai kuma ba a ba mu amsa ba, oga ba ya son ya faɗi rana ya zo ya canza a ce ya yi ƙarya. Yaran sun ji muna tattaunawa ne suka kwaso. Guruf kuma da a buɗe yake, aka rufe saboda ana turo tallan atamfa da bidiyon siyasa sanarwa tana nutsewa, wata rana kuma iyaye biyu suka yi faɗa a ciki a kan 'ya'yansu. Sannan akwai masu kiran oga ƙarfe 5 na asuba, akwai masu tsayawa a bakin taga suna yi wa yaro ihu ya miƙe ƙafa yana kan katako, wannan yana iya jawo faɗuwa shi ya sa aka hana zama a ciki. Maganar hannun yarinyar Anti ina wurin, gaskiya ya kamata a kira ki.

Hajiya Fadaman Mada: Mun gode da ka fito ka yi magana ƙanena. Amma ka gaya wa oga "ba mu da tabbas tukuna, za mu faɗa muku ranar Laraba" ita ma sanarwa ce. Da ita zan iya zuwa wajen maigida. Da shiru ba zan iya ba.

Malam Gwallameji: Kuma hana zama a ciki gaba ɗaya bai yi ba. A sa benci a can gefe, wanda ya yi ihu a fitar da shi shi kaɗai.

Mataimakin Koci: Holin ne ƙarami Malam, daɓen da ake alkafura a kai na ƙa'ida mita 12 ne kowane gefe, namu ko kusa bai kai ba, wajen gudu na tsalle ma ta bakin ƙofa yake farawa. Sai dai ko a riƙa yin karɓa-karɓa, iyaye biyu kowace rana.

Anti Nas: Biyu sun isa ai. Ni zan iya ɗaukar Alhamis in ba ni da duti, kuma zan rubuto muku 'yar takarda ta rauni, sunan yaro, me ya same shi, ƙarfe nawa, me aka yi masa, a ba wanda ya zo ɗaukarsa ya sa hannu. Ku bar oga da koyarwa, sanarwa a ba wani daga cikinmu ya riƙa rubutawa.

Baban Auta: Wannan na yarda da shi, in dai za a je masa da girmamawa ba a yi masa taron dangi ba. Kuma masu bashin wata uku su biya kafin mu je, kar mu je neman haƙƙi da nasa a hannunmu.

Maman 'Yan Biyu: Alhaji wannan harbin kam ya same ni, zan tura gobe in sha Allahu. Amma ƙanena har yanzu ba ka amsa min ba, wace mace ce za ta bi yaran?

Mataimakin Koci: Ba a tsayar ba Hajiya. Wancan karon matar oga ce ta je, yanzu kuma tana da jariri.

Kakar Yara: In za a biya min kuɗin mota ni zan bi su, ba abin da nake yi a gida. Amma sai an gyara maganar rigar nan, in ba haka ba tawa jikar ba za ta je ba balle ni.

Admin: To za a samu oga ranar Asabar bayan tirenin, Baban Auta da Anti Nas da Mama su wakilce mu, Tsohon Ɗan Wasa in kana gari ka zo don kai ka san yarensu. Mataimaki dan Allah ka fara shaida masa kar ya ga mutane kwatsam.

Malam Gwallameji: Asabar ƙarfe nawa? Akwai saukar Islamiyyar su yarona da safe.

Mataimakin Koci: Ana tashi 11, amma bari in tambaya ko wannan satin ma an mayar da shi yamma, zan rubuto a nan kafin isha'i.